Lafiyar Iyali: Bayan Dashen Ƙoda, Da Sauran Aiki

Masu karatu, a watan nan za mu yi zancen 'yan'uwanmu waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A Boston ta ƙasar Amurka aka fara cin nasarar wannan aiki a 1954. A nan gida kuwa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma a 2002. Mun san wahalar da a kan sha. Dangi su yi karo-karo, a sayar da gona, ɗan'uwa ya ba da ƙodarsa guda. In majinyaci ya dawo gida sai mu ce an gama. To, da saura.

Jikin mutum yana da garkuwa wadda ke yaƙi da duk wani baƙon abu. Sabuwar ƙoda baƙuwa ce a gare shi, don haka dole majinyaci ya riƙa shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar nan muddin ƙodar tana jikinsa. Amma garkuwar nan ita ce kuma ke danne waɗansu ƙananan ƙwayoyin cuta da a ke kira bairas, waɗanda su ke kwance cikin jikinmu shekara da shekaru ba mu sani ba. In ta yi rauni sai su farka, har wani lokaci su jawo ciwon daji.

Uku daga cikinsu sun fi damun likitoci. Na fari shi ne Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 cikin ƙarin da kan kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. Fiye da mutum 9 cikin 10 na manya suna ɗauke da shi lafiya lau, amma ga mai dashe ya kan kawo dajin kaluluwa, tun ba a shekarar farko ba. Na biyu, wanda aka gano a 1994, shi ke kawo ciwon Kaposi, watau tabo masu duhu a ƙafa ko cikin baki. Yana da yawa a Afirka. Na uku shi ne HPV, mai kawo sankarar bakin mahaifa.

Kada wannan ya tsoratar da mu. Yawancin masu dashe ba sa kamuwa, kuma dashe ya ceci rayuka masu yawa. A 1984 Likita Thomas Starzl da abokan aikinsa a Pittsburgh sun nuna cewa in aka rage maganin, sau da yawa dajin kaluluwa ya kan ja da baya. Amma fa ragewar aikin likita ne shi kaɗai. Wanda ya daina sha da kansa, ko don tsada ko don tsoro, zai iya rasa ƙodar da ɗan'uwansa ya ba shi.

Me ya rage gare mu, mutanen gida? Mu sa ido. In mun ga kaluluwa a wuya ko hammata, zazzaɓi da ya ƙi tafiya, gumin dare, rama, ko sabon tabo a fata, mu kai shi wurin likitansa, kada mu tsaya jiƙe-jiƙe. Mata masu dashe su riƙa zuwa awon bakin mahaifa. Kuɗin magani da na komawa asibiti kuwa, dangi su ci gaba da haɗawa kamar yadda su ka haɗa na aikin tun farko.