Sharhi: Rikicin Kwantiragi Tsakanin Jami'o'in Amurka da Masu Horad da 'Yan Wasa

Ran 30 ga watan Disamba na shekarar 2009, ana gab da shiga kotu a garin Lubbock na Jihar Texas ta ƙasar Amurka, sai Jami'ar Texas Tech ta miƙa wa lauyan Mista Mike Leach takardar sallamarsa daga aiki. Mista Leach ya shekara goma yana horad da ƙungiyar ƙwallon jami'ar, kuma a lokacin babu wani wanda ya taɓa riƙe wannan muƙami a can da ya kai shi yawan nasarori. Da ya ƙara kwana ɗaya tak a bakin aiki, da ya wajaba jami'ar ta biya shi ladan dala 800,000 kamar yadda kwantiraginsa ya tanada. Mutumin nan ya rasu a watan Disamba na 2022 yana cewa yana bin jami'ar bashin kimanin dala miliyan 2.5, ba tare da wata kotu ta taɓa yanke hukunci a kan ko an saɓa yarjejeniyar ko ba a saɓa ba.

Wannan al'amari ya cancanci a sake dubansa, domin irinsa sai ƙaruwa yake yi, kuma kuɗin da ake jayayya a kansu a yanzu sun ninka na wancan lokaci sau da yawa. Daɗin daɗawa, akasarin jami'o'in da abin ya shafa na gwamnatocin jihohi ne, saboda haka maganar ta wuce filin wasa ta shiga batun riƙon amanar hukuma.

ASALIN KUƊIN

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, amma galibi da hannu ake jifa ko a rungumi ƙwallon a ruga da shi, mutum 11 a kowane ɓangare. A ƙasar Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu na wannan wasa, kuma jama'a suna bin su kamar yadda ake bin manyan kulob-kulob a Turai. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 100,000. A cikin 2022 rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da gidajen talabijin a kan kuɗi fiye da dala biliyan 7. Baya ga wannan akwai kuɗin shiga kallo, da gudummawar attajirai waɗanda yawancinsu tsofaffin ɗalibai ne.

Wannan dukiya ita ta sa mai horarwa ya zama babban mutum. A galibin jihohin Amurka, ma'aikacin hukuma da ya fi kowa albashi mai horad da 'yan wasan jami'a ne, ya ɗara gwamna, ya ɗara shugaban jami'ar da yake aiki a ƙarƙashinsa nesa ba kusa ba. To, duk inda na ƙasa ya fi na sama albashi da farin jini, biyayya takan yi wuya, kuma daga nan akan fara samun ɓaraka.

ƘOFOFIN SALLAMA GUDA BIYU

Kowane kwantiragi irin wannan yana tanadad da hanya biyu ta rabuwa. Ta farko ita ce sallama ba da wani laifi ba, watau jami'a ta gaji da shan kashi tana son sabon hannu. A nan dole ta biya diyyar da aka rubuta, wadda sau da yawa ta kusa cika albashin shekarun da suka rage. Ta biyu ita ce sallama saboda laifi, kamar karya dokokin ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i ta NCAA, ko ƙin bin umurnin na gaba, ko aikata abin da zai zub da mutuncin jami'a. A nan mai horarwa yakan tafi hannu rabbana.

Ke nan tsakanin biyan miliyoyi da ƙin biyan ko sisi, kalma ɗaya ce, watau "laifi". Kusan dukan shari'o'in da aka yi a wannan fanni a kan ma'anar wannan kalma suka ta'allaƙa. Jami'ar da ta ƙosa da mutum tana da dalilin tono aljihunansa ko za ta sami abin kafa hujja, shi kuma mai horarwa yana da dalilin cewa duk wani zargi dabara ce ta gudun biya.

YADDA TA KAYA A TEXAS TECH

Shekarar 2008 ita ce mafi kyau ga Mista Leach: ƙungiyarsa ta ci wasa 11 ta faɗi biyu, har ta doke Jami'ar Texas wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a ƙasar. Da aka zo sabunta kwantiragi sai aka shiga ja-in-ja a bainar jama'a. Mahukuntan jami'ar sun nemi a sa sharuɗɗan da za su ɗaure shi, ciki har da hana shi tattaunawa da wata jami'a ba da izininsu ba, shi kuwa ya ƙi. A watan Fabrairu na 2009 aka sa hannu a kan kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 12.7. An rattaba hannu, amma zukata ba su haɗu ba.

Wata goma bayan haka wani ɗan wasa ya bugu a ka, likita ya tabbatad da cewa ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Iyayensa suka kai kuka cewa an sa shi ya tsaya a ɗaki mai duhu har sau biyu yayin da 'yan uwansa ke atisaye, don a wulaƙanta shi. Mista Leach ya musanta cewa an cutar da yaron, ya kuma zargi mahaifinsa, wanda ke sharhin wasanni a talabijin, da yawan shisshigi. Jami'ar ta nemi ya sa hannu a kan wata takarda, ya ƙi. Ran 28 ga Disamba aka dakatad da shi, ya garzaya kotu yana neman a bar shi ya jagoranci wasan ƙarshen shekara, kwana biyu bayan dakatarwar aka kore shi bisa laifin rashin biyayya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba da mamaki. Mista Leach, wanda shi kansa ya yi karatun lauya, ya kai ƙarar saɓa yarjejeniya. A watan Janairu na 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da ikon neman kuɗi daga jami'ar ta wannan hanya, domin jami'ar reshe ce ta gwamnatin jiha, kuma a dokar Texas ba a kai hukuma ƙara a kan irin wannan kwantiragi sai da iznin majalisar dokoki. A cikin 2012 Kotun Ƙoli ta jihar ta ƙi sauraron ƙararsa. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga tsohuwar dokar Ingila wadda ta hana a gurfanad da sarki a kotunsa sai da yardarsa.

Mai yiwuwa ne jami'ar tana da gaskiya game da yadda aka yi da yaron, domin buguwa a ka ba abin wasa ba ce, kuma ɗalibi amana ne a hannun makaranta. Amma ranar da aka zaɓa don korar, da kuma fakewa da kariyar hukuma maimakon a baje hujja gaban alƙali, sun bar zargi a zukatan jama'a har yau. Hukumar da ke da tabbacin gaskiyarta ba ta rasa kome in ta yarda aka bincike ta. Mista Leach dai ya ci gaba da aikinsa a Jami'ar Jihar Washington daga 2012, kana a Jami'ar Jihar Mississippi daga 2020 har rasuwarsa.

WAƊANSU MISALAI

A cikin 2018 Jami'ar Kansas ta sallami Mista David Beaty saboda yawan faɗuwa, da alkawarin biyansa dala miliyan 3. Daga baya ta riƙe kuɗin, ta ce ta gano alamun an karya wata doka ta NCAA a zamaninsa. Ya kai ƙara, kuma a cikin 2020 aka sasanta a kan dala miliyan 2.55. Idan aka haɗa da kuɗin lauyoyi, da wuya a ce jami'ar ta ci wata riba.

Ba kullum ne zargi ke zama na ƙarya ba. Jami'ar Tennessee ta kori Mista Jeremy Pruitt a watan Janairu na 2021 ta hana shi diyyar fiye da dala miliyan 12, kuma a cikin 2023 binciken NCAA ya tabbatad da an karya dokoki fiye da sau 200, har aka ci jami'ar tarar dala miliyan 8. Jami'ar Jihar Michigan kuwa ta ba Mista Mel Tucker kwantiragin shekara goma na dala miliyan 95 a cikin 2021, ba a cika shekara biyu ba ta kore shi bisa zargin rashin ɗa'a da wata mata ta yi masa, zargin da ya musanta, ya kuma kai jami'ar ƙara a cikin 2024.

Na Jami'ar Northwestern ya nuna illar yanke shawara cikin ruɗu. A watan Yuli na 2023, bayan bincike a kan cin zalin sababbin 'yan wasa da manyansu ke yi, an dakatad da Mista Pat Fitzgerald na mako biyu. Kwana uku bayan haka, da jaridar ɗalibai ta fallasa bayanan abin da ya faru, sai aka kore shi gaba ɗaya. Ya nemi diyyar dala miliyan 130, aka kuma sasanta a watan Agusta na 2025 ba tare da an bayyana adadin ba. Hukunci biyu mabambanta a kan rahoto ɗaya cikin kwana uku ya nuna tsoron surutun jama'a ne ya tuƙa mahukuntan.

Su ma masu horarwa ba waliyyai ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ƙarshen 2007 Mista Rich Rodriguez ya bar Jami'ar West Virginia ya koma ta Michigan, ya ƙi biyan dala miliyan 4 da kwantiraginsa ya ɗora masa, yana cewa ba a cika masa waɗansu alkawuran baka ba. Jami'ar ta kai shi ƙara, a cikin 2008 aka biya kuɗin: Michigan ta ɗauki miliyan 2.5, shi ya ɗauki sauran.

WA KE BIYA?

Jami'ar da ba ta so shari'a ba ita ma ta ji jiki. Lokacin da Jami'ar Texas A&M ta sallami Mista Jimbo Fisher a watan Nuwamba na 2023, ta ɗau nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 don ya zauna gida. A watan Oktoba na 2025 Jami'ar Jihar Louisiana ta raba gari da Mista Brian Kelly, da diyyar kimanin dala miliyan 54 a wuyanta. Gwamnan jihar da kansa ya fito ya soki kwantiragin, Mista Kelly ya kai ƙara yana cewa ana neman laƙa masa laifi bayan an riga an kore shi, kuma kafin watan Nuwamba ya ƙare jami'ar ta amince cewa sallama ce ba da laifi ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mahukunta sukan ce waɗannan kuɗi daga sashen wasanni da aljihun masu gudummawa suke fitowa, ba daga haraji ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ga manyan jami'o'i ƙalilan. Amma yawancin sassan wasanni ba sa iya ɗaukar nauyin kansu, sai an tallafa musu da kuɗin jami'a ko kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai. Bugu da ƙari, attajirin da ya biya diyyar korar mutum ya sayi bakin magana a kan wanda za a ɗauka, ta haka kuwa ikon da doka ta ba shugaban jami'a da majalisar gudanarwa yakan zame zuwa hannun waɗanda ba wanda ya naɗa su, ba kuma wanda zai tuhume su.

Har ila yau lissafin ya sake tun watan Yuni na 2025, sa'ad da wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Shekaru aru-aru ɗalibai ne ke kasada da lafiyarsu a fili alhali waɗansu ke kwashe ribar. Yanzu duk dalar da aka ba korarren mai horarwa, an rage ta ne daga tukunyar da 'yan wasa ke da rabo a cikinta, saboda haka jarabar neman "laifi" don gudun biyan diyya za ta daɗa ƙarfi.

ABIN LURA

Abu uku suka fito fili daga waɗannan shari'o'i. Na farko, rikicin yakan faro ne tun ranar sa hannu, lokacin da murnar nasarar shekara ɗaya ta sa mahukunta ɗaure jami'a har shekara goma. Tun ran gini tun ran zane. Kamata ya yi a fayyace abin da ake nufi da laifi, a kuma rubuta cewa diyya za ta ragu idan wanda aka sallama ya sami wani aiki. Na biyu, binciken laifi ya kamata ya riga hukunci, kuma wanda ya yi shi ya zama ba shi da wata riba a sakamakonsa. Na uku, hukumar da ta shiga ciniki kamar ɗan kasuwa ya dace ta yarda a tuhume ta kamar ɗan kasuwa, in ba haka ba sa hannunta ya zama ado a takarda.

Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin tsara kwantiragi da sunan hukuma, a kowane fanni yake, yana iya barin ofis gobe ko a yi masa canjin wurin aiki, amma abin da ya rattaba wa hannu yana nan yana jiran magajinsa da baitulmali. A Louisiana, shugaban sashen wasannin da ya ɗauko Mista Kelly ya bar aiki kwanaki kaɗan bayan korar, bashin kuwa ya tsaya a kan jami'ar.