Rariyar Gindi Ba Ita Ke Tacewa Ba

A shekarar 1978 Shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ba mutum izinin dafa giya a gidansa don amfanin kansa, shekara 15 bayan da Birtaniya ta soke lasisin yin hakan a 1963. Tun daga nan masu wannan sha'awa suka yawaita a ƙasashen biyu, kuma cikin abubuwan da suke yawan gardama a kai akwai wani faranti mai huji-huji da ake sawa a gindin tukunyar jiƙo. Ni zan kira shi rariyar gindi. Kada mai karatu ya yi saurin juya shafi. Matakin da nake magana a kai babu barasa a cikinsa ko ɗigo, domin yis bai shiga ba tukuna. Ruwan zaƙi ne kawai, kuma daga irinsa ake yin lemon malt kamar su Maltina. Abin da ya ja hankalina shi ne, gardamar tasu darasi ce ta ilmin halittu da na fiziks a cikin bokiti guda.

Ga yadda aikin yake. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi, a ɓarza. Tsiron nan yana tayar da inzayim iri biyu, alfa-amiles da beta-amiles. Idan aka zuba ɓarzajjen hatsin cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na ma'aunin Selshiyas, aka bar shi kimanin awa ɗaya, sai su yanyanka sitaci ya koma sukari. Saura a raba ruwan zaƙin da tsakin. A nan rariyar gindi take shigowa: tana zaune ɗan sama da ainihin gindin tukunyar, kamar yadda gindin madambaci yake bisa ruwa, ta riƙe hatsi a sama, ruwa ya sauka ƙasa ya fita ta famfo.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan farantin shi ke tacewa, saboda haka gwargwadon ƙanƙantar hujinsa gwargwadon kyansa. A nawa ra'ayi wannan kuskure ne, kuma shi ke sa a kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Hujin rariyar da aka fi sayar wa masu aikin gida ya kai kusan milimita 2.4, alhali garin da ke gurɓata ruwan ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da farantin ne ke tacewa, da ruwan bai taɓa washewa ba. Ƙaiƙayin sha'ir shi ke aikin. Ƙwayar sha'ir tana riƙe da ɓawonta ko bayan sussuka, kuma idan an ɓarza da hankali ɓawon yakan tsage ba tare da ya zama gari ba. Waɗannan ɓawo su ke jeruwa bisa farantin su zama shimfiɗa mai 'yan ƙofofi dubbai. Shi ya sa ruwan farko yakan fito gurɓatacce, a tare shi a mayar a hankali ta sama, har shimfiɗar ta zauna ruwan ya washe. Aikin rariya tallafi ne, irin na azara ga rufin soro.

Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya bayyana ƙa'idar wannan a 1856, lokacin da yake nazarin tace ruwan sha da yashi a birnin Dijon. Ya nuna cewa gudun ruwa a cikin shimfiɗa yana ƙaruwa da faɗinta da kuma ƙarfin da ke tura ruwan, yana raguwa da zurfinta. Daga baya masana suka fayyace rawar kaurin ruwan da girman ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi. Sai dai yashi ba ya lotsewa, jiƙaƙƙen hatsi kuwa yana lotsewa. Mai gaggawa yakan buɗe famfo gaba ɗaya don ya gama da wuri, ruwan da ke fita ya tsotso hatsin ƙasa, ƙofofin su matse, gudu ya tsaya cak. Daga nan sai a ɗora wa farantin laifi, alhali hannun da ya murɗa famfo ne ya yi ɓarnar. Haka nan ruwan zaƙi mai sanyi ya fi kauri, shi ya sa ake ɗauraye hatsin da ruwa mai zafin digiri 75 zuwa 78.

To, tunda haka ne, da me za a zaɓi rariya? Ina ganin tambayar farko ita ce yadda mutum yake ɗauraye hatsinsa. Wasu suna yayyafa ruwan zafi ta sama a hankali yayin da ruwan zaƙi ke fita ta ƙasa. Wannan hanya tana bukatar ruwa ya sauka daidai a ko'ina, domin ruwa malalaci ne, in ya sami hanya mai sauƙi ita zai bi, ya bar sukari a sauran sassan. Mai yin haka lalle ya nemi farantin da ya rufe gindin tukunya duka. Wasu kuwa suna tsiyaye ruwan farko, su zuba wani gaba ɗaya, su motsa, su sake tsiyayewa. Tunda motsawar ta riga ta gauraya sukarin, ba kome ta ina ruwan ya fita. Wannan mutum bututun jan ƙarfe mai tsage-tsage ya ishe shi, ko saƙaƙƙiyar waya, ko ma jakar yadi mai laushi irin wadda masu aikin gida na Ostareliya suka yayata. Sayen faranti mai tsada a gare shi ado ne.

Masu kare tsadar suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Dafuwa ta lita 19, wadda Amurkawa suka saba yi, tana cin hatsi wajen kilo 5, kuma idan ya sha ruwa nauyin ya ninka. Farantin da ba shi da ƙwari zai lanƙwashe ya toshe bakin bututu. Wanda bai zauna daram a jikin tukunya ba kuma zai bar tsaki ya zurare ta gefe. Amma ƙwari da dacewa ba su ne tsada ba. Charlie Papazian, wanda ya kafa ƙungiyar masu aikin gida ta Amurka a 1978, ya koya wa mutane su huhhuda gindin bokitin roba su zura shi cikin wani bokitin, kuma ya yi aiki. Aibinsa shi ne sararin da ke tsakanin gindin biyu yana da yawa, ruwa yana taruwa a can ba ya taɓa hatsi. Wannan sarari shi ya fi cancanta a auna kafin a biya kuɗi.

Inda ba na yarda a yi rowa shi ne irin ƙarfen. Jiƙon yana da ɗan tsami, ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 5.2 da 5.6, ga kuma zafi. Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin kwanon rufi, yana iya sakin tutiyar cikin ruwan, wasu kayan tagulla kuma akwai dalma a cikinsu. A tsaya ga ƙarfen da ba ya tsatsa, ko robar da aka yi don abinci mai zafi.

Nijeriya ta ga gaskiyar wannan batu a babban mataki. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antu suka koma ga dawa. Ita dawa ƙaiƙayinta yana fita tun a masussuka, don haka tukwanen da aka ƙera don sha'ir suka riƙa toshewa, rariya tana nan lafiya lau amma babu shimfiɗa. Mafita ita ce injin tacewa mai matse jiƙo tsakanin ƙyallaye, wanda bai dogara ga ɓawo ba. Masu aikin gida a Amurka kuma, idan za su yi amfani da alkama, wadda ita ma tsirara take, sukan zuba ƙaiƙayin shinkafa.

Malaman sakandare suna iya nuna wannan a aji da gorar roba biyu. A yanke gindinsu, a kifa su, a huda murfin kowace huji iri ɗaya. A jiƙa ɓarzajjen tsiron dawa cikin ruwan zafi, a raba biyu, a cuɗa tafi guda na wankakken ƙaiƙayin shinkafa cikin rabi ɗaya. Ɗalibai su riƙe agogo su auna mililita nawa ke sauka a minti biyar daga kowace gora, su ɗaga kofunan a hasken taga su duba wanda ya fi washewa, sannan su ɗiga aidin su ga ko da sauran sitaci.