Land Rover da taɓon damina

'Yan'uwana ɗalibai, ku tambayi tsofaffin direbobin Damari motar da ba ta tsoron taɓon damina, Land Rover za su ce muku. A Ingila aka fara ƙera ta a 1948. Ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Ƙafafunta huɗu duk suna ja. Masu ita sun sha kuka da shan fetur da yoyon baƙin mai, amma ko a daji ta mace, makanike da sifana sun wadatar. Sababbin kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin a gano matsalar. Wa zai kai ta Kaduna daga Damari a tsakiyar Agusta?