Kafin ku hura gawayi

Ƙannenmu 'yan sakandare, kun san yadda wuƙa ke tsada idan layya ta matso. Shi ya sa bara mu samarin Gawon Nama muka ce bari mu ƙera tamu a gida, kamar yadda muke gani a YouTube. Muka samo guntun sifirin mota, gawayi, guduma da magagari. Wuƙa ta fito tsaf. Muka gasa ta ta yi jajir, muka tsoma ta a ruwan sanyi, nan take ta tsage.

Da muka kai ta Maƙera Assada, wani dattijon maƙeri ya yi dariya. Ya ce irin wannan ƙarfe a mai ake tsoma shi, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi.

Don haka ku fara da zama a maƙera, ko zugazugi ne ku ja. Ku nemi izinin iyaye, ku kare idanunku, ku kama ƙarfe da awartaki. Wuƙar da kuka ƙera kuwa ta aikin gida ce. Kada ta shiga jakar makaranta, don tana iya jawo muku kora.