Raddi ga Masu Cewa Ba a Zama da Mulhidi, Ba a Ba Shi Amsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da aka kama Mubarak Bala, mutumin da ya bar addini aka zarge shi da ɓatanci, a Kaduna ranar 28 ga Afrilu, 2020, aka kawo shi Kano, wata magana ta samu gindin zama a majalisun cikin birni, daga Mandawari har Yakasai. Masu ita suna cewa duk wanda ya yi shakkar samuwar Allah, ko dai mahaukaci ne ko Turawa ne suka saye shi. Zama da shi haramun ne, ba shi amsa yaɗa shubuha ne, maganinsa kawai a gama da shi. Na san kishin addini ne ke motsa da yawa daga cikinsu. Ni ma Musulmi ne, kuma ilhadi a wurina ɓata ne bayyananne. Amma maganar tasu ta saɓa wa Alƙur'ani, ta saɓa wa fiƙihun da muka karanta, ta kuma saɓa wa tarbiyyar ilimin garin nan. Zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: wai hauka ne

A watan Yunin 2014, da Mubarak ya shaida wa danginsa cewa ya bar addini, an kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya yi kwana 18 a can. Ranar 5 ga Afrilu, 2022, mutumin nan dai ya tsaya gaban Babbar Kotun Jihar Kano, ya amsa tuhume-tuhume 18, aka yanke masa shekara 24. To, wanne za mu riƙe? In mahaukaci ne, kowane ɗalibi ya san Shari'a ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami, babu hukunci a kansa. In kuwa mai hankali ne har ana karɓar iƙirarinsa a kotu, to mai hankali da hujja ake fuskantarsa.

Alƙur'ani bai kira irin waɗannan mutane mahaukata ba. A Suratul Jasiya, aya ta 24, ya kawo maganar masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya kuma zamani ne kawai ke halaka mutane, sannan ya nuna zato suke bi ba ilimi ba. A Suratuɗ Ɗur, aya ta 35 da ta 36, ya jefa musu tambayoyi a kan asalin halittarsu da ta sammai da ƙasa. Wanda ake yi wa tambaya, hankalinsa ake kira.

Hujja ta biyu: wai baƙon abu ne da Turawa suka kawo

Gaskiya ne akwai ƙungiyoyin waje da ke mara wa mulhidai baya, sun kuma tsaya wa Mubarak a shari'arsa. Amma shakka ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, Ibnur Rawandi ya rubuta littattafan sukar annabci, Abul Husaini al-Khayyaɗ ya mayar masa da martani da littafi mai suna Al-Intisar. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa dahriyyai masu musun Mahalicci cikin rukunonin masu falsafa a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal, kuma a nan ne ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi kansa kusan wata biyu kafin Allah Ya yaye masa. Da a ce wanda ya fara jin damuwarsa ya rufe shi da duka, da ba mu da littafinsa Ihya'u.

A Masar, Isma'il Adham ya buga maƙala a 1937 yana bayyana dalilin zamansa mulhidi, Muhammad Farid Wajdi ya ba shi amsa da alƙalami. Dokta Mustafa Mahmud, wanda ya rasu a 2009, ya daɗe cikin shakka kafin ya dawo ya rubuta littattafan da har yau ake kafa hujja da su a kan ilhadi. Yaron Fagge ko na Gwale da ya ga wani yana wa'azin gudun duniya alhali yana tara ta, ko ya ga almajiri yana kwana a bakin kwata, tambaya za ta iya tsiro masa ba tare da an ba shi ko sisin kwabo ba. Cewa an saye shi hanya ce ta guje wa tambayar, kuma zargi ne da Shari'a ke neman shaida a kansa.

Hujja ta uku: wai ba da amsa yaɗa shubuha ne

Wannan maganar tana da gurbi a zamanin da littafi ke kulle a adakar malam. Yau shubuhar tana aljihun yaro. Ku dubi dakalin ƙofar gida bayan sallar isha'i: samari a jere, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya a fuskarsa. Abin da kuke tsoron a faɗa a zaure ya riga ya shigo ta Facebook da TikTok, da Hausa da Turanci. Abin da bai shigo ba shi ne amsa.

Kuma ba da amsar shi ne gadonmu. A zaurukan cikin birni, bayan sallar asuba, malam na zaune a kan buzu, ɗalibi ya buɗe Ummul Barahin ta Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, yana jan baƙi malam yana fassarawa. Ba a tsayawa a lissafa siffofin Allah ashirin. Sai an kafa dalilin hankali a kan kowace ɗaya, a fara da cewa duniya fararriya ce, kuma fararre ba ya farar da kansa. Don wa aka tanadi waɗannan dalilai in ba don ranar da wani zai musa ba? Malamanmu suna ba mu labarin Imam Abu Hanifa da dahriyyai, yadda ya ƙure su da misalin jirgin ruwan da ke lodi da tafiya babu matuƙi. Ai sai da ya zauna da su kafin ya ƙure su. Suratun Nahli, aya ta 125, ta yi umarni da hikima da kyakkyawan wa'azi da jayayya ta hanya mafi kyau, ba ta kuma cire kowa ba.

Hujja ta huɗu: wai hukuncin mai ridda sananne ne, kowa na iya zartarwa

Nan ne kuskuren ya fi haɗari. Sun cakuɗa abu uku: mai shakka da ke neman amsa, da wanda ya bar addini ya yi shiru, da mai ɓatanci a bainar jama'a. Ko kotun Kano ba don abin da ke zuciyar Mubarak ta ɗaure shi ba, sai don rubuce-rubucen da ya wallafa, waɗanda aka ce ɓatanci ne mai iya ta da fitina. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Halilu ya shimfiɗa cewa mai ridda ana neman tubansa kwana uku, ba a horar da shi da yunwa ko ƙishirwa ko azaba. Al'amarin kuma yana hannun shugaba da alƙali. Babu littafin fiƙihu ko ɗaya da ya miƙa shi ga taron kasuwa.

Mun ga abin da taron kasuwa ke haifarwa. Ranar 2 ga Yuni, 2016, aka kashe Bridget Agbahime, dattijuwa mai sayar da kayan roba a Kasuwar Ƙofar Wambai. Ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. A watan Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci kuma Musulmi, a Sakkwaton dai. Babu mulhidi a cikinsu, babu wanda alƙali ya saurara. Inda ihun mutum ɗaya ya isa zubar da jini, Musulmi mai salla ma ba shi da tabbacin komawa gida.

Ko ɗaurin ma, me ya warware? Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage shekarun ɗaurin Mubarak zuwa biyar a watan Mayun 2024, ya fito yana kan ra'ayinsa, sunansa kuma ya zaga duniya. Masu irin tunaninsa sun koma fakewa da sunayen ƙarya a intanet, inda babu malamin da zai kai gare su.

Hujja ta biyar: wai marar imani ba shi da haƙƙin mu'amala

Wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) jagora a hanyar hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin, aka kuma amince masa da sirrin tafiyar. Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya ba Annabi kariya bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya mutu bai musulunta ba, Annabi bai manta da wannan karamcin ba. Suratu Luƙman, aya ta 15, ta hana bin iyaye cikin shirka, ta kuma yi umarni da kyautata zama da su. Ɗan da aka kora daga gida ranar da ya faɗi damuwarsa, wajen masu irin damuwar zai nufa, su kuwa hannu bibbiyu za su karɓe shi.

Kalma ga ɗaya ɓangaren

Ku da kuka bar addini, ku sani zagi ba hujja ba ne. Kiran iyayenku jahilai, da taɓa mutuncin Annabin da miliyoyin mutane ke so fiye da rayukansu, ba ya tabbatar da komai sai rashin ladabi, kuma yana toshe kunnen da kuke son ya saurare ku. Mu an hana mu zagin abin bautar wasu a Suratul An'am, aya ta 108. Abin da muke nema a wurinku bai wuce haka ba.

Ina roƙon malamanmu na cikin birni, na ɗariƙa da na Izala, su ware lokaci a zaurukansu da makarantun Islamiyya wanda matashi zai kawo tambayarsa komai nauyinta ba tare da an tona masa asiri ba. Su dawo da karatun tauhidi da dalilansa, su kuma san abin da yaran ke karantawa. Iyaye kuma, idan ɗanku ya zo da shakka, ku zaunar da shi, ku kai shi wurin masani mai haƙuri, ku dage da addu'a. Hukunci na alƙali ne, shiriya ta Allah ce, abin da ke wuyanmu shi ne bayani. Allah Ya tabbatar da mu a kan imani, Ya shiryi wanda ya ɓata.