FILIN KIMIYYA: Zobban Newton Da Launin Mai A Kan Ruwa

Duk wanda ya bi ta bakin Kasuwar Wunti a birnin Bauchi bayan an ɗauke ruwan sama, ba zai rasa ganin launukan bakan gizo a kan ruwan da man mota ya ɗiga a ciki ba. Shi man ba shi da waɗannan launuka. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa. Wani ya dawo daga saman man, wani daga ƙarƙashinsa. In igiyoyin biyu sun dace sai launi ya ƙarfafa, in sun saɓa sai su kashe juna.

Wannan al'amari ne ɗalibin kimiyya, ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a wata, yake gamuwa da shi da sunan zobban Newton. Akan ɗora gilashi mai doro a kan shimfiɗaɗɗen gilashi, a haska, sai zobba masu duhu da masu haske su bayyana, saboda 'yar iskar da ke tsakani. Isaac Newton ya buga bayaninsu a 1704, Thomas Young kuwa ya gano dalilinsu a 1801.

To, ga lissafin. A ce doron gilashin yanki ne na ƙwallo mai rabin faɗi milimita 1,000, hasken kuma na fitilar sodiyam ne, mai tsawon igiya milimita 0.000589. Ana neman zobe mai duhu na goma. Sai a ninka 10 da 0.000589 da 1,000, a sami 5.89. Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 5.89 ita ce wajen 2.43, watau rabin faɗin zoben ke nan a milimita.

Wuri biyu ɗalibi ya fi yin tuntuɓe. Na fari, ɗigon tsakiya baƙi ne, domin hasken da ya dawo daga gilashin ƙasa yakan juye da rabin igiya. Lambarsa sifiri ce, ba ɗaya ba. Na biyu, cikakken faɗi ake aunawa da madubin awo, tilas a raba shi biyu.

Kada a ɗauka wasan allo ne. Da waɗannan zobba masu sassaƙa gilashin kyamara ke gwada aikinsu: in zobe ya karkace, gilashin bai yi daidai ba. Allah Ya ba ɗalibai sa'a.