Ƙwayar Tazarar Haihuwa Don Ƙurajen Fuska: Garin Gyaran Gira Kada A Rasa Ido

Duk wanda ya taɓa sauraron hirar 'yan mata a ɗakin kwanan ɗalibai, ko wajen kitso, ko gidan biki, ya san cewa ƙurajen fuska ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Sukan hana budurwa ɗaga kai a cikin aji, su sa ta ƙi shiga hoto ranar bikin ƙawarta. A 'yan shekarun nan wata shawara ta shigo cikin irin wannan hira, kuma da raɗa ake ba da ita: wai a sha ƙwayar tazarar haihuwa, fuska za ta yi sumul. Na ji ta a unguwarmu ta Ƙofar Ran da ke cikin garin Bauchi, na kuma ji ta a makaranta daga bakin waɗanda suka fi ni karatu.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne: maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma wannan ne ya sa take da haɗari. Ƙwayar tana maganin ƙuraje, amma ba man shafawa ba ce da za a ara a hannun ƙawa. Sannan abin da ke tura 'yan mata shan ta a ɓoye, a ganina, sunan da muka laƙaba mata ne da Hausa. A nan ne lamarin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe.

Gaskiyar Da Ke Cikin Maganar

A ƙarƙashin fatar fuska akwai ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo. Wasu sinadaran jiki da likitoci ke kira andirojin su ke umartar waɗannan jakunkuna su yi aiki. Maza sun fi yawan sinadarin, amma mata ma suna da shi, kuma yakan ƙaru lokacin balaga. Idan maiƙo ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar gashi ta toshe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, ƙurji ya fito. Ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu, wato istirojin da furojestin, tana rage ƙarfin andirojin a cikin jini. Maiƙo ya ragu, ƙuraje su lafa.

Wannan ba maganar 'yan talla ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ƙwayar Ortho Tri-Cyclen don ƙurajen fuska a 1997, sai Estrostep a 2001, sannan Yaz a 2007. Hasali ma ƙwaya ta farko a wannan fanni, mai suna Enovid, don matsalolin jinin al'ada aka fara ba ta lasisi a 1957, sai a 1960 aka amince da ita don tsara haihuwa. Ke nan tun fil azal aikinta ya fi ɗaya.

Sai dai akwai abubuwa biyu da masu ba da shawarar raɗa ba sa faɗa. Na farko, ba a ganin sauyi a mako ɗaya ko biyu. Akan ɗauki wata uku, wani lokaci har shida, kuma idan aka daina sha ƙurajen kan iya dawowa. Na biyu, ba kowane maganin tazara ba ne ke wannan aiki. Waɗanda ke ɗauke da furojestin kaɗai, kamar allurar wata uku da ashanar da ake sa wa mata a dantse, suna iya ƙara wa wasu ƙuraje. Ita kuwa Postinor-2, wadda ta cika kemis-kemis, ƙwayar gaggawa ce, ba ta da wata alaƙa da gyaran fata. Yarinyar da aka ce mata kawai "ki sayi ƙwayar" ta ina za ta bambance waɗannan?

Illolin Da Ba A Faɗa

Akwai ƙananan illoli da yawanci ke wucewa bayan wata biyu ko uku: tashin zuciya, ciwon kai, nauyin nono, ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, da saurin ɓacin rai ga wasu. Akwai kuma wata illa da ta fi damun masu baƙar fata irinmu, wato duhu-duhun da kan fito a kumatu da goshi, irin wanda ake gani a fuskar wasu masu juna biyu. Zafin rana yana ƙara shi, kuma kowa ya san ranar Bauchi a watan Maris da Afrilu. An je neman fuska mai sheƙi, an dawo da tabon da kan daɗe bai goge ba.

Babbar illar ita ce daskarewar jini a cikin jijiya. Istirojin yana ƙara wa jini saurin yin guda. Gudan kan fara a sha-raɓa, idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da alƙaluma a 2013. A cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar kuma ba su da ciki, kimanin 2 ne ke gamuwa da wannan matsala a shekara. Ga masu shan ƙwaya mai sinadarin lebonojestirel, adadin 5 zuwa 7 ne. Ga masu shan wadda ke da durosfirenon, kamar Yaz da aka ambata a sama, 9 ne zuwa 12. Adadin ba shi da yawa, kuma haɗarin da mai juna biyu ko mai jego ke ciki ya fi wannan. To amma wadda abin ya faɗa wa ba ruwanta da lissafi, kuma ƙuraje ba su taɓa kashe kowa ba.

Abin da ya faru a Faransa ya isa ishara. Akwai wata ƙwaya mai suna Diane-35 da aka yi wa rajista a can don ƙurajen fuska. A watan Janairun 2013 hukumar magunguna ta ƙasar ta sanar da dakatar da ita, bayan an danganta mutuwar mata huɗu da ita a tsawon shekara 25. Da Tarayyar Turai ta sake nazari, sai ta ce amfaninta ya rinjayi illarta, amma da sharaɗin kada a ba da ita don ƙuraje sai ga mai ƙuraje matsakaita ko masu tsanani da sauran magunguna suka gaza. A kan wannan sharaɗi ta koma kasuwa a 2014. Idan ƙasar da sai da takardar likita ake sayen irin wannan magani ta tsaya ta yi wannan taka-tsantsan, ina ga mu da za ka miƙa kuɗi ta taga a miƙo maka sacet babu tambaya?

Akwai matan da likita ba zai ba su wannan ƙwaya ba sam: mai hawan jini mai tsanani, mai ciwon ɓarin kai irin wanda kan zo da walƙiya ko dishi-dishin gani, wadda jininta ya taɓa daskarewa, mai shan taba da ta kai shekara 35, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. A 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa masu cutar sikila cikin wannan jeri. Wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara. Ƙawar da ke ba ki shawara a ɗaki ba ta auna jininki ba, ba ta kuma san tarihin gidanku ba.

Laifin Suna

Hausa ba harshen gidanmu ba ne. Da Sayanci na buɗe baki, a unguwa da makaranta na koyi Hausa. Wataƙila shi ya sa nake jin nauyin wasu kalmomi da masu harshen suka saba da su har suka daina ji. Ku dubi sunayen da muke kiran wannan abu: "maganin hana haihuwa", "ƙayyade iyali", sai daga baya ma'aikatan lafiya suka koma "tazarar haihuwa" ko "hutun haihuwa". Ba a banza aka yi wannan sauyi ba. "Hana" da "ƙayyade" kalmomi ne masu tayar da hankali a ƙasar Hausa. Mun ga yadda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a allurar shan-inna ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003, ba a ci gaba ba sai a 2004.

Amma ko sunan "tazara" bai warware wa budurwa matsalarta ba, domin tazara tsakanin haihuwa da haihuwa ake yi, ita kuwa ko aure ba ta yi ba. A Ƙofar Ran muna da asibitin haihuwa na Urban Maternity, kuma tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce a riƙa ba da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari. Duk da haka wace budurwa ce za ta shiga layin masu tazara ta ce ƙuraje suka kawo ta? Kafin ta dawo gida labari ya riga ta. Saboda haka sai ta aiki ƙanenta wani kemis da ke nesa da unguwa, ta ɓare kwalin ta jefar, ta ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin katifa. Ranar da ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ya fara yi mata wuya, aka kai ta asibiti aka ce, "Kina shan wani magani?" sai ta dubi mahaifiyarta ta ce a'a. Wannan "a'a" ɗin ita ce abin tsoro, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sunan ya haifar da wata ɓarnar ta fuska ta biyu. Akwai matan da ƙurajensu alama ce ta wata larura ta ƙwan mahaifa, wadda kan zo da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, kuma tana samun kusan mace ɗaya cikin goma. Irin waɗannan likita kan rubuta musu wannan ƙwaya da hujja, amma iyaye su ce ba za a "kashe wa 'yarsu mahaifa" ba. Alhali bincike bai nuna tana hana haihuwa bayan an daina sha ba. Ke nan wadda ke buƙata an hana ta, wadda ba ta buƙata tana sha a ɓoye.

Na san wasu za su ce bai kamata a yi wannan magana a mujallar ɗalibai ba, kada a buɗe wa yara ido. Ni kuwa ina ganin idon a buɗe yake, waya ta riga mu. Shirun da aka yi a kan mayukan bilicin bai hana su yaɗuwa ba, har sai da hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Haka shirun da aka yi a kan ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wasu kuma za su ce ganin likita sai mai kuɗi da haƙurin bin layi. Gaskiya ne, amma awon hawan jini da amsa 'yan tambayoyi ba su kai kuɗin atamfa ɗaya ba.

Ina Mafita?

Ga 'yan uwana mata, shawarata ita ce a fara daga ƙasa. A daina matse ƙurji, a daina shafa mayukan da ake haɗawa a roba ba suna, domin da yawansu na ɗauke da sitirod wanda shi kansa yana fito da ƙuraje. Akwai magungunan shafawa irin su benzoyil ferokzayid da likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna zai fara ba ki. Idan an kai ga ƙwaya, to likita ne zai kai ki, bayan ya auna ki. Wadda ta riga ta fara sha kuwa, idan ta ji ciwo da kumburi a ƙafa ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko matsanancin ciwon kai da dushewar gani, ta nufi asibiti nan take, ta faɗi abin da take sha.

Ga iyayenmu mata, don Allah idan kun ga irin wannan ƙwaya a jakar 'yarku, ku tambaya kafin ku yanke hukunci, ku kuma raka ta wurin likita.

Mu kuma 'yan Sashen Hausa, takardar bayanin da ke cikin kwalin waɗannan magunguna da Turanci take, da ƙananan haruffa, cike da kalmomin da ko mu sai mun buɗe ƙamus. Muna darasin fassara da na ƙirƙirar kalmomi. Me zai hana ƙungiyarmu ta zauna da ɗaliban likitanci da na harhaɗa magunguna mu fassara gargaɗin da ke ciki zuwa Hausar da za a fahimta a wajen kitso? Mu kuma nemo wa ƙwayar suna da ke bayyana abin da take, misali "ƙwayar daidaita sinadaran mata", domin mai larura ta iya furta shi a gaban mahaifinta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ina jiran jin ta bakin malamanmu da 'yan uwana ɗalibai a fitowa ta gaba, ko akwai mai sunan da ya fi wannan dacewa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.